Bayan An Tsinke Waya

Har yau muna kiran abin da ke hannunmu waya, alhali babu ko zare ɗaya a jikinsa. Sunan gado ne. A da, tarho yana ɗaure ne da waya ta gaskiya, wadda ta taso daga turakun bakin titi ta ratso bango, saboda haka yana da mazauni: kan teburin ofis, ko kusurwar falon mai hali. Mai son magana shi ke zuwa wurinsa, ya gama ya ajiye ya kama gabansa. Da layukan salula suka bazu a Nijeriya daga 2001, aka yi wa sabon abin laƙabi da tafi-da-gidanka, laƙabin kuwa ya faɗi gaskiya fiye da yadda masu raɗa shi suka zata. Muryar da ake ji tana nan yadda take, makwancin na'urar ne ya sake. Ta bar falo ta shiga aljihu, daga aljihu ta hau shimfiɗa, ta bi mu majalisa da wurin cin tuwo, har da sahun jana'iza.

Yanzu ga wata na'urar an tsinke mata tata wayar, ita kuwa a fuska ake ɗaura ta. Muna nufin tabarau ɗin nan mai kama da ƙaramin akwati, wanda idan mutum ya sa, ɗakin da yake ciki sai ya ɓace, ya tsinci kansa a tsakiyar hoto: ya ɗaga kai ya ga sama, ya waiwaya ya ga abin da ke bayansa. Masu ƙera shi suna taƙaita sunan fasahar da baƙaƙe biyu, VR. Mu a nan za mu ce masa tabarau na shiga hoto.

Abin ya daɗe. A 1968 wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, Ivan Sutherland, ya haɗa irinsa na farko-farko, kuma sai da aka rataye shi da wani hannun ƙarfe daga rufin ɗaki. Ko a 2016, lokacin da Oculus Rift da HTC Vive suka shigo kasuwa, sai kana da kwamfuta mai tsada, da doguwar waya daga ƙeyarka zuwa jikinta, da wasu na'urori da ake kafawa a ɗaki suna lura da motsinka. Mai wasa yana juyi waya na naɗe masa ƙafa. A 2019 kamfanin Facebook, wanda ya sayi Oculus tun 2014 a kan kusan dala biliyan 2, ya fitar da Quest a kan dala 399. Wannan shi ne mai cin gashin kansa: kwamfutarsa da batirinsa da kyamarorinsa duk suna jikinsa. Quest 2 ya biyo baya a 2020 a kan dala 299, Quest 3 a 2023, sannan akwai Pico, mallakar kamfanin da ke da TikTok.

Yadda yake aiki ba sihiri ba ne. Kowane ido ana nuna masa hotonsa daban, ɗan bambanci kaɗan tsakaninsu, kamar yadda idanunmu biyu suke ganin duniya, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga zurfi. Kyamarorin da ke goshin na'urar suna kallon bango da tabarma da ƙofa, da su take gane ka matsa gaba ko ka sunkuya, sai ta sake zana hoton sau 72 zuwa 120 a kowace daƙiƙa don ya bi kanka.

Lissafin mai saye gajere ne. Hoton marar waya bai kai na mai jingina da babbar kwamfuta kyau ba. Nauyinsa ya ɗan haura rabin kilo, duk a goshi da kumatu. Wasu yana sa su jiri da tashin zuciya, domin ido yana cewa ana tafiya, jiki yana cewa ana tsaye. Cajinsa awa biyu ne ko sama da haka kaɗan. A gefe guda, a ƙasar da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙo, abin da ke aiki da batiri ya fi dacewa da mu. Sai kuɗi. A ƙarshen 2024 dala ta haura naira 1,500, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000, wato tabarau na dala 299 ya fi albashin wata shida na ƙaramin ma'aikaci, kafin a zo kan kuɗin dako. Yawancinmu tsada ta riga ta yanke mana hukunci a yanzu. Amma wayar salula ma da haka ta fara, abin masu kuɗi, kuma ba mu tsaya mun auna ta ba sai bayan ta zauna daram. Wannan karon muna da ɗan lokaci.

Mu Hausawa mun ba ido babban matsayi. Mun ce gani ya kori ji. Shaidar da ya ce "na gani da idona" ya rufe gardama. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 miladiyya, ya taɓa tuhumar wannan amana a littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal. Ya lura cewa ido yana kallon inuwa ya ce a tsaye take, alhali tana tafiya sannu a hankali, kuma yana kallon tauraro ya ga bai wuce girman dinari ba, alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. A wurinsa hankali ne alƙalin da ke ƙaryata ido, kafin ya juyo ya tuhumi hankalin ma da misalin mafarki.

Abin da tabarau ya zo da shi ya ɗan bambanta da wannan. A nan hankali ya san gaskiya sarai, amma ba a sauraronsa. Akwai wani shahararren wasa mai suna Richie's Plank Experience, inda ake hawa da kai bene na 80, ƙofa ta buɗe, a ce ka taka wani siririn katako da ya miƙe a sararin sama. Kai ka sayi na'urar, kai ka ɗaura ta, ka san ƙafarka tana kan simintin ɗakinka. Duk da haka manya masu gemu gwiwarsu na rawa, wasu su ƙi takawa ƙememe. Jiki ya riga ya gaskata, kuma bai nemi shawarar kowa ba.

Duk alherin wannan na'ura daga nan ya fito, haka ma duk abin tsoronta.

Mu fara da alherin, domin ba ƙarami ba ne. A Jami'ar Washington, masu bincike Hunter Hoffman da David Patterson sun ƙirƙiri wata duniyar ƙanƙara mai suna SnowWorld don masu ƙunar wuta. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna ya san babu lokacin da ya kai na wankin ciwo azaba. Sai a sa wa majinyaci tabarau yana yawo cikin dusar ƙanƙara yana jifa da ita, ma'aikatan jinya suna aikinsu, kuma marasa lafiyar suka riƙa ba da rahoton raguwar raɗaɗi. A Nuwamban 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani tsarin jinya na irin wannan tabarau don masu ciwon baya mai naci. Ɗalibin likita zai iya maimaita aikin tiyata sau da yawa ba tare da ya taɓa fatar kowa ba. A irin waɗannan wurare rashin waya babbar falala ce, domin na'urar da za a iya jefawa cikin jaka tana iya kaiwa gadon asibitin karkara, inda babbar kwamfuta ba za ta taɓa zuwa ba. Wanda ya ce duk abin wasan yara ne bai yi adalci ba.

Masana falsafa sun riga masu ƙera na'urar yin tambayar. A 1974 Robert Nozick ya kawo misalin wata na'ura da za a jona ka da ita ta ba ka duk irin rayuwar da kake so, ka ji kai marubuci ne, ko attajiri, ko abin so ga kowa, ba tare da ka san ƙage ba ne. Ya ce yawancin mutane ba za su yarda a jona su har abada ba, saboda muna son mu aikata abu da gaske, ba mu ji kamar mun aikata kawai ba. A 2022 David Chalmers ya fitar da littafinsa Reality+, yana mai cewa duniyar da kwamfuta ta gina ita ma duniya ce ta gaske, abota da aiki da hasarar da aka yi cikinta duk na gaske ne. Chalmers yana da hujja a hannu. Mata sun yi ta ƙorafin ana matsa musu da taɓa jikin hotonsu a dandalin Horizon Worlds, har a Fabrairun 2022 kamfanin Meta, sabon sunan Facebook, ya sa wani shinge na kimanin ƙafa huɗu tsakanin hoton mutum da na wani. Idan wulaƙancin da aka yi a can yana bin mutum har bayan ya cire tabarau, ba za mu iya cewa babu abin da ya faru ba.

Sai dai su biyun hankalinsu yana kan wanda ke ciki: me ya samu, me ya rasa. Tarbiyyarmu ta saba farawa daga wani wurin, wato wa ke da haƙƙi a kanka, kuma ina yake a lokacin da kake can.

Mun ce zumunci a ƙafa yake. Wanda ya taso daga Gusau zuwa Azare don ta'aziyya, kalmomin da zai faɗa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma kowa ya san su tun kafin ya buɗe baki. Abin da masu makoki ke karɓa daga gare shi shi ne kuɗin motar da ya kashe, da yinin da ya bari, da ƙurar da ke kan hularsa. Wahalar ita ce saƙon. Tabarau yana yi mana alkawarin halarta ba tare da wahala ba, kuma anan ne ya kamata mu tsaya. Idan aka cire wahala daga ziyara, me ya rage a cikinta?

Ba za mu yi saurin cewa babu komai ba. Ɗan da ke aiki a Jidda ko Landan, wanda ba shi da halin zuwa, muryarsa ta WhatsApp tana sanyaya zuciyar tsohuwarsa, kuma ranar da za ta iya ganinsa zaune gabanta kamar a kan tabarma ɗaya, wa zai hana ta? Matsalar tana ga wanda ke da halin zuwa. Kowannenmu ya san yadda saƙon "Allah Ya jiƙan rai" a waya ya fara a matsayin uzurin na nesa, ya ƙare a matsayin al'adar maƙwabci. Abin da aka yi don marar hali, mai hali ne ke fara ɗauka.

Malamai sun riga sun gamu da irin wannan tambaya. A Disamban 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta Saudiyya ta ƙaddamar da wani shiri na ganin Hajarul Aswad ta irin wannan tabarau. Surutu ya tashi, har hukumar harkokin addini ta Turkiyya ta fito a farkon 2022 ta ce ana iya ziyartar Ka'aba ta wannan hanya, amma ba ta zama aikin Hajji. A ganinmu rabon ya yi daidai. Maniyyaci daga ƙauye da bai taɓa fita jiharsa ba zai amfana ƙwarai idan ya ga yadda Safa da Marwa suke kafin ya isa. Amma akwai ayyukan da sharaɗinsu shi ne ka kai jikinka, kuma ba ibada kaɗai ba ce a wannan sahu.

Wurin da abin ya fi rikitarwa shi ne tausayi. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa kai da Chris Milk da Gabo Arora suka yi wani ɗan fim mai suna Clouds Over Sidra, a sansanin 'yan gudun hijira na Za'atari a ƙasar Jodan. Mai kallo yana zama cikin tanti tare da wata yarinya 'yar Siriya mai shekara 12. An kai fim ɗin taron manyan attajirai da shugabanni na Dabos, aka ɗaura musu tabarau. Milk ya riƙa kiran fasahar na'urar sa tausayi. Mu ma abin ya zo gida. Ɗan Nijeriya Joel Kachi Benson ya yi irin wannan fim a sansanin Bakassi na Maiduguri, sannan ya yi Daughters of Chibok, a kan iyayen 'yan matan nan 276 da aka sace a Afrilun 2014, wanda ya ci kyauta a bikin fina-finai na birnin Benis a Italiya a 2019.

Aikin kirki ne, kuma muna jinjina masa. Labarin Chibok ya riga ya zama lamba a bakin mutane, fim ɗin ya mayar da shi tsakar gida da uwa a cikinsa. Amma akwai abin da ya kamata mai kallo ya tsare kansa daga gare shi. Wanda ya karanta labarin a jarida ya san ji ya yi. Wanda ya sa tabarau na minti goma sha ɗaya yana iya tashi da jin cewa ya je, ya zauna da su, ya yi kuka tare da su, ya sauke nauyi. Uwar kuwa ba ta gan shi ba. Ba ta san ya zo ba, bai kawo mata ko mudun gero ba, kuma ba za ta iya riƙe rigarsa ta tambaye shi me zai yi ba. Ziyara ta gaskiya tana da haɗari ga mai ziyara, domin wanda ka je wurinsa yana iya roƙonka wani abu. Wannan ziyarar an cire mata haɗarin. Hawayen na gaske ne, ba mu musu. Tambayar ita ce ko suna tura ƙafa ta tashi, ko suna ba ta izinin zama.

A Fabrairun 2020 gidan talabijin na MBC a Koriya ta Kudu ya nuna wata uwa da aka sa wa tabarau, aka haɗa ta da surar 'yarta da ta rasu tana shekara bakwai. Ana ganin uwar a wani fili na ɗaukar hoto tana miƙa hannu tana shafa iska, tana kuka. Ba mu da bakin da za mu ce mata ta yi kuskure, wanda bai binne ɗa ba ya yi shiru. Abin da za mu iya dubawa shi ne al'adarmu ta makoki, yadda aka yi mata iyaka da kwanaki: zaman makoki ya watse, takaba ta ƙare, a ce da mutum ya yi haƙuri ya koma cikin masu rai. Iyakar jinƙai ce. Waccan uwar sau ɗaya ta yi ganawar, a gaban ma'aikata, cikin shiri na musamman. Tabarau marar waya yana nufin wata rana irin wannan ganawa za ta iya zama a ƙarƙashin matashin kai, kowane dare, babu mai gani. Kuma surar mamacin tana hannun kamfanin da ya zana ta.

Wannan ya kawo mu kan kalmar cin gashin kai. Na'urar ta rabu da kwamfuta, amma ba ta rabu da mai ita ba. Lokacin da Quest 2 ya fito a 2020, ba ya aiki sai da asusun Facebook. A Jamus sai da aka dakatar da sayar da shi, hukumar hana babakere ta ƙasar ta buɗe bincike, kuma sai a 2022 kamfanin ya janye sharaɗin. Sashen Meta da ke wannan harka ya yi hasarar sama da dala biliyan 13 a 2022, sama da biliyan 16 a 2023. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da arzikinsa ya ginu a kan talla, idan ya jure irin wannan hasara don ya ɗora maka kyamara a goshi, akwai abin da ya hango.

A 2023 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ɗauki bayanan motsin kai da hannu na mutum sama da 50,000 masu wasan Beat Saber, suka nuna cewa daga motsin daƙiƙa 100 kacal ana iya gane mutum a cikinsu daidai, fiye da sau 94 cikin 100. Kana iya canja suna da lambar waya. Yadda kake karkata wuya ba ya canjuwa.

Mu da muka gina gidajenmu da zaure, muka rubuta "ba shiga" a ƙofa, muka koya wa yaro ya yi sallama sau uku kafin ya ɗaga labule, ya kamata wannan ya dame mu fiye da kowa. Na'urar ba ta iya aiki sai ta ƙare wa ɗakin kallo, ta auna bango da gado da inda kujera take. Kamfanin yana da bayaninsa kan abin da ke tsayawa cikin na'urar da abin da ke fita, amma mai gida ba shi da hanyar tabbatarwa da kansa, sai dai ya yarda. Matar gida da ta gifta ta gaban kyamarar kuwa ko yardar ba a nema a wurinta ba.

Sannan ga fuska. Mai latsa waya yana tare da mu rabi da rabi, ana iya yi masa gyaran murya ya ɗago ido, ya ji kunya. Mai tabarau idonsa a rufe yake ruf, babu ido balle kunya. A 2023 Meta ya sauke mafi ƙarancin shekarun amfani da Quest daga 13 zuwa 10, bisa kulawar iyaye. Uwar da ke iya leƙa allon wayar ɗanta daga bayansa ba za ta ga abin da ke cikin tabarau ba sai ta koyi haɗa shi da wata na'urar, kuma iyaye nawa ne za su yi? Masu ƙerawa sun san da wannan gibin. Maganinsu shi ne kyamarorin su riƙa nuna maka ɗakin a cikin allon, Quest 3 har da launi. Apple Vision Pro, da ya fito a 2024 a kan dala 3,499, har hoton idanun mai sanye da shi yake nunawa a waje, don na kusa su ji kamar ana kallonsu. Dabara ce mai kyau, amma a lura da abin da ta ƙunsa: yaro zai ga mahaifiyarsa ta kyamarar kamfani, ita kuma ta ga zanen idonsa.

To, a saya ko kar a saya? Mu dai mun fi natsuwa da shi a inda yake na jama'a: ɗakin gwaje-gwajen makaranta, sashen masu ƙuna a asibiti, sansanin alhazai, ko ma shago irin gidajen kallon ƙwallo da na wasan gem da ke kowace unguwa, inda ake biyan kuɗin minti kaɗan. A can akwai mai jiran ka gama, akwai mai shagon da zai taɓa kafaɗarka, akwai lokacin rufewa. Layin masu jira yana yin aikin da waya ta yi a da. Wanda ya saya ya kai ɗakin kwanansa, shi zai zama mai shagon kansa, kuma mun ga yadda muka kaya da wayar salula a wannan matsayi.

A yanzu akwai sauran abubuwa biyu da ke dawo da mutum ɗakinsa ko bai so ba: goshi ya gaji da nauyi, batiri ya mutu bayan awa biyu. Masu sharhin kayan fasaha suna lissafa su a sahun aibobi, injiniyoyi kuma suna aiki a kansu dare da rana. Tuni ma ana sayar da wani maɗaurin kai mai ƙarin batiri a ƙeya, wanda ke daidaita nauyin ya kuma kusan ninka lokacin.